Louis Maillard: Likitan fitsari da ya gano sirrin ɓawon burodi da ƙamshin tsire

A ranar 12 ga watan Mayun 1936, wani likita ɗan ƙasar Faransa ya rasu kwatsam a birnin Paris, inda ya je zaman alƙalanci a wata jarrabawar ɗaukar malaman jami'a. Shekarunsa 58 a duniya, kuma 17 daga ciki ya yi su ne yana koyarwa a Aljeriya.

Sunansa Louis Camille Maillard, Faransawa na furta sunan da Mayar. A lokacin da ya rasu, takwarorinsa likitoci sun fi saninsa da bincike kan fitsari da aikin ƙoda.

A yau kuwa masu gidajen burodi, da kamfanonin madara, da manyan kuku, da likitocin ciwon suga duk suna ambaton sunansa. Dalili shi ne wata gajeriyar takarda mai shafi uku da ya wallafa a 1912, wadda ta bayyana abin da ke sa bayan burodi ya yi ja, tsire ya yi ƙamshi, ƙasan tukunyar tuwo ya yi ƙanzo.

Tasowarsa

An haifi Maillard ranar 4 ga watan Fabrairun 1878 a Pont-à-Mousson, wani ƙaramin gari a bakin kogin Moselle da ke yankin Lorraine, a arewa maso gabashin Faransa. Mahaifinsa likita ne.

Shekara bakwai kafin haihuwarsa Jamus ta ci Faransa da yaƙi, ta karɓe yankin Alsace da wani ɓangare na Lorraine. Wannan ya sa garinsu ya koma dab da iyaka, birnin Nancy da ke kusa da su kuma ya zama matattarar malaman da suka baro yankunan da aka ƙwace.

A Nancy ya shiga tsangayar kimiyya yana ɗan shekara 16. Ya samu digirin kimiyya a 1897, sannan ya haɗa da karatun likita, wanda ya kammala a 1903. Haɗa waɗannan fannoni biyu, wato ilimin sinadarai da likitanci, shi ya buɗe masa ƙofar da yawancin abokan karatunsa ba su gani ba.

Daga Nancy ya koma tsangayar likitanci ta Paris, inda ya yi aiki ƙarƙashin Farfesa Armand Gautier, ɗaya daga cikin manyan masana sinadaran jikin ɗan'adam na lokacin.

Daga fitsari zuwa shuni

Binciken da ya ba shi digirin likita ya shafi wani sinadari mai suna indoksil, wanda ƙoda ke fitarwa cikin fitsari bayan ƙwayoyin cikin hanji sun sarrafa abinci mai gina jiki.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga wannan sinadari yana aiki ko da bai san sunansa ba. Shi ne ke fita daga ganyen baba idan an jiƙa shi, kuma da zarar ya haɗu da iska sai ya rikiɗe ya zama shuni. Shi ya sa zane ke fitowa daga rijiyar rini da launin kore-kore, kafin ya koma shuɗi a idon mai kallo.

Maillard ya yi shekaru yana bin diddigin irin waɗannan launuka a fitsari, da yadda za a auna su. Ya kuma fito da wani lissafi na gane ko jiki na sarrafa ragowar furotin yadda ya kamata, lissafin da aka riƙa kira da sunansa a littattafan likitancin Faransa. A 1914 Majalisar Likitocin Faransa ta ba shi lambar yabo.

Gwajin da ya kauce hanya

Babbar tambayar da ta dami masana a farkon ƙarni na 20 ita ce yadda jiki ke gina furotin, wato sinadarin da ke cikin nama da ƙwai da wake da madara. An riga an san cewa furotin sarƙa ce ta ƙananan tubala da ake kira amino asid.

Bajamushe Emil Fischer, wanda ya ci kyautar Nobel a 1902, ya yi nasarar ɗaura waɗannan tubala a ɗakin gwaje-gwaje, amma da sinadarai masu ƙarfi irin waɗanda babu su a jikin mai rai. Maillard ya so ya samo hanya mai sauƙi, wadda ta fi kama da abin da ke faruwa a jiki.

Ya fara da dumama amino asid cikin gilisarin. Daga nan sai ya gwada da suga, tunda jini bai rabuwa da shi.

Ya narka gulukos da wani amino asid mai suna gilaisin cikin ruwa, ya ɗora a zafin digiri 100. Cikin ɗan lokaci ruwan ya yi rawaya, ya koma ruwan ƙasa, ya ci gaba da duhu yana kumfa, iskar kabon dayoksaid na fita. Furotin ɗin da yake nema bai samu ba. Abin da ya rage a kwalbar baƙin abu ne mai kama da ƙonannen ƙasan tukunya.

Wani mai bincike zai iya wanke kwalbarsa ya sake lale. Maillard ya tsaya ya tambayi kansa mene ne wannan baƙin abu, kuma me ya haife shi.

Ya maimaita gwajin da suga iri-iri da amino asid daban-daban. Ya ga cewa wasu nau'o'in suga na saurin rikiɗa, yayin da sukarin shayi ke jan ƙafa. Ya kuma ga cewa zafi na ƙara saurin abin, amma ko a zafin jikin mutum yana faruwa, sai dai a hankali. A watan Janairun 1912 aka gabatar da sakamakonsa a Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa, yana ɗan shekara 33. A 1913 ya faɗaɗa shi ya zama kundin digirinsa na dakta a kimiyya.

Abin lura shi ne abinci bai tsaya masa a rai ba. Hankalinsa ya fi karkata ga yadda ganyaye ke ruɓewa su zama baƙar ƙasa mai albarka, da yadda kwal ke samuwa a ƙarƙashin ƙasa. Ya kuma yi hasashen cewa wannan haɗuwa ta suga da furotin na iya yin tasiri a jikin masu ciwon suga.

Sauyi iri biyu

Domin gane nauyin abin da ya gano, sai an rarrabe sauyi iri biyu da abinci ke shiga tsakanin gona da akushi. Garin Gidimuni, wanda ke gabas da birnin Damagaram a kan hanyar Gure, wuri ne da ake ganin su biyun a fili.

An san Gidimuni da tafkinta, da dabino, da lambuna, da kuma kanwa. Idan rani ya yi, ruwa ya ja baya, rana kan ƙafar da damshin ƙasa ta bar farin ɓawo a sama, wanda ake kankarewa a tara. Tun zamanin sarakunan Damagaram fatake ke ɗaukar kanwar wannan yanki zuwa kasuwannin kudu, har Kano.

Fitowar kanwa daga ruwa sauyin siffa ne. Kanwar na cikin ruwan tun farko, rana ta raba su kawai. Idan aka jefa ta a ƙwarya aka zuba ruwa, za ta narke ta koma yadda take, idan aka shanya kuma ta sake fitowa. Haka daka gero ya zama gari, da yanka albasa, da narkewar man shanu a rana, da daskarewar ƙanƙara. Siffa ta sauya, amma abin na nan a matsayinsa.

Idan kuwa uwargida ta ɗiga ruwan kanwa a miyar yakuwa ko ta tumatir don kashe tsami, sai kumfa ta taso. Wannan kumfar iskar kabon dayoksaid ce, wadda babu ita a da. Kanwa da tsami sun ci juna, sun haifi wasu abubuwa sababbi, kuma babu dabarar da za ta mayar da miyar yadda take. Wannan shi ne sauyin sinadari.

Alamominsa sanannu ne: sabon launi, sabon ƙamshi, kumfa, da kuma rashin komawa baya. Nono ya zama kindirmo, kalwa ta zama daddawa, ƙullun waina ya kwana ya tashi, ƙwai ya dahu ya sandare.

Kilishi ya haɗa duka biyun. Yanka nama falle-falle da shanya shi a rana galibi cire ruwa ne. Amma da aka tsoma shi a labu aka kara shi a wuta, launin da ƙamshin da ke fitowa sababbi ne, kuma aikin da Maillard ya bayyana ne ke samar da su.

Abin da ke faruwa a tanderu

A shekarar da Maillard ya wallafa takardarsa, Damagaram ce hedikwatar mulkin Faransa a Nijar, matsayin da ta riƙe daga 1911 zuwa 1926, lokacin da aka mayar da shi Yamai. Zamanin mulkin mallaka ne ya yaɗa burodin alkama irin na Turawa a ƙasar Hausa, dogo siriri a Nijar, mai kusurwa huɗu a Najeriya. Yau babu teburin mai shayi da zai cika ba tare da shi ba.

A cikin burodi guda ana iya bin sauye-sauyen ɗaya bayan ɗaya.

Niƙa alkama da tankaɗe fulawa sauyin siffa ne. Narkewar suga da gishiri a ruwan kwaɓi ma haka. Idan aka murza kwaɓin, furotin ɗin alkama na sarƙewa ya zama wata raga mai danƙo da ake kira gulutin.

Daga nan yis ya karɓi aiki. Yis halitta ce mai rai, kamar yadda Louis Pasteur ya tabbatar a shekarun 1850. Yana cin suga ya fitar da iskar kabon dayoksaid, ragar gulutin ta tare iskar, kwaɓi ya kumbura. Cin sugan sauyin sinadari ne.

A cikin tanderu zafi kan haura digiri 200. Iskar da ke cikin kwaɓin ta ƙara faɗi, ruwa ya zama tururi, yis ya mutu, sitaci ya sha ruwa ya kumbura, furotin ya sandare ya riƙe siffar burodin.

Tsakiyar burodi ba ta wuce digiri 100, domin muddin akwai ruwa zafi ba ya haura wannan mizani. Shi ya sa cikinsa ke fitowa fari da laushi. Bayansa kuwa yana bushewa, zafinsa ya kai digiri 140 ya wuce, kuma a nan ne suga da amino asid ke haɗuwa da sauri su haifi ɗaruruwan sinadarai masu ƙamshi da launin ruwan ƙasa.

Wannan doka ce ta raba dafaffen nama da gasasshe, ta raba alala da ƙosai duk da cewa wake guda aka markaɗa. Ita ce ke sa tuwo ya yi fari a sama ya yi ƙanzo a ƙasa, inda ruwa ya ƙare tukunya ta yi zafi. Ita ce a soyayyar gyaɗa, da gefen waina, da gasasshen kofi. Mai suyar da ya cika kasko da jiƙaƙƙen nama zai ga ya yi ta tsatsafo da ruwa bai yi ja ba, sai ruwan ya ƙone.

Akwai wani sauyin mai kama da wannan, wato ƙonewar suga shi kaɗai idan zafi ya kai wajen digiri 160, kamar yadda ake gani wurin masu alewa. Shi ba ya buƙatar furotin. A mazarƙwaila da ɓawon burodi sukan faru tare.

Inda kanwa ta shigo

Binciken da aka yi bayan Maillard ya nuna cewa tsami na rage saurin wannan haɗuwa, kaifi irin na kanwa kuma na ƙara shi. Kanwa na ɗauke da sinadarin da ke cikin bekin soda, tare da ɗan'uwansa da ya fi shi kaifi.

Saboda haka wake da aka dafa da kanwa ya fi saurin nuna, ya kuma fi duhu. Kaifin na sassauta abin da ke ɗaure ƙwayoyin waken, sannan yana taimaka wa launi ya fito. A Jamus masu gashin wani burodi mai suna pretzel na tsoma shi a ruwa mai kaifi kafin ya shiga wuta, don bayansa ya yi ja sosai. Dabarar guda ce da wadda matan ƙasar Hausa suka gada tun kaka da kakanni.

Sai dai kanwa idan ta yi yawa tana lalata bitamin B1 da ke cikin wake da hatsi, kuma tana ɗauke da sodiyam kamar gishiri, abin da ya kamata mai hawan jini ya kiyaye.

Yaƙi da komawa Aljeriya

Shekara biyu bayan takardar tasa Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Garinsu Pont-à-Mousson ya faɗa bakin daga, ya sha ruwan bama-bamai. Maillard ya shiga aikin lafiya na soja, kuma ya fito daga yaƙin lafiyarsa ta raunana.

A 1919 ya bar Paris ya karɓi kujerar farfesa a tsangayar likitanci da haɗa magunguna ta Jami'ar Aljiyas, lokacin Aljeriya na ƙarƙashin Faransa. A can ya duƙufa kan koyarwa, bincikensa kuma ya ja baya ƙwarai. Bai koma ya zurfafa aikin 1912 ba, kuma a tsawon rayuwarsa ƙalilan ne suka kula da shi.

Yadda sojojin Amurka suka tono aikinsa

Wani yaƙin ne ya farfaɗo da sunansa. A Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta riƙa aika wa sojojinta garin ƙwai da garin madara da busasshen dankali zuwa wurare masu zafi. Kayan kan yi duhu a cikin gwangwani, ɗanɗanonsu ya ɓaci, sojoji su ƙi ci, alhali babu ƙwayar cuta ko ɗaya a ciki.

Rundunar ta zuba kuɗi a bincike, masana kuma suka gano cewa abin da likitan nan ya gani a kwalbarsa ne ke faruwa a hankali cikin rumbunan ajiya.

A 1953 John Hodge, wani baƙar fata masanin sinadarai da ke aiki a cibiyar binciken noma ta gwamnatin Amurka a Peoria, jihar Illinois, ya tsara matakan wannan sauyi daki-daki, tun daga haɗuwar farko har zuwa baƙin launi na ƙarshe. Har yau taswirarsa ake koyarwa a jami'o'i.

Binciken ya fito da wata asara da ido ba ya gani. Amino asid ɗin da suga ya fi kamawa shi ne laisin, wanda jikin yaro ke buƙata don girma, kuma idan an kama shi jiki ba ya amfana da shi. Gero da dawa da masara dama ba su da shi da yawa. Saboda haka garin madara da ya daɗe a shago mai rufin kwano har ya sauya launi ya riga ya rasa wani kaso na amfaninsa.

Hasashen da ya tabbata

A 1968 wani likita ɗan ƙasar Iran, Samuel Rahbar, ya lura da wani nau'in himogulobin da ke da yawa a jinin masu ciwon suga. Daga baya aka tabbatar cewa suga ne ya manne wa furotin ɗin jajayen ƙwayoyin jini, ta irin hanyar da Maillard ya bayyana shekara 56 kafin nan.

Daga nan aka samu gwajin da ake kira HbA1c. Jan ƙwayar jini kan rayu kimanin kwana 120, saboda haka gwajin na nuna yadda suga ya kasance a jiki cikin wata biyu zuwa uku, ko mutum ya karya kumallo a ranar ko bai karya ba. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da shi wajen gano ciwon suga, inda ta sa iyaka a kashi 6.5 cikin 100. Mai sikila ko ƙarancin jini ya kamata ya sanar da likita, domin hakan na iya karkatar da sakamakon.

Irin wannan mannewa na faruwa a jijiyoyin jini da ido da ƙoda, kuma tana cikin dalilan da suka sa suga mai yawa ke lalata waɗannan sassa a ɓoye cikin shekaru. Wato binciken ya zagayo ya dawo kan ƙodar da Maillard ya fara aikinsa a kanta.

Iyakar suya

A watan Afrilun 2002 masana a Jami'ar Stockholm da hukumar abinci ta Suwidin sun sanar da samun wani sinadari mai suna akirilamaid a soyayyen dankali da biskit da gasasshen burodi. Yana samuwa ne idan wani amino asid mai suna asparajin ya haɗu da suga a zafin da ya haura digiri 120, kuma yana ƙaruwa gwargwadon duhun suyar.

Tun 1994 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa cutar, bisa gwajin da aka yi a dabbobi. Shawarar da hukumomin abinci a Turai ke bayarwa ita ce a sauke suya da gashi idan sun yi ruwan zinare, kafin su yi baƙi. Dafaffen abinci da turararre ba su shiga wannan lissafi ba.

Maillard bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ya rasu shekara 17 kafin taswirar Hodge, shekara 32 kafin binciken Rahbar. A yau akwai ƙungiyar masana ta duniya da ke ɗauke da sunansa, wadda ke haɗa masu binciken abinci da likitoci a taro guda, kuma har yanzu ba a gama ƙidaya sinadaran da ke fitowa daga haɗuwar suga da amino asid ba.